Kujera Ta Biyu A Jirgin Baba

Shafi na 23

Masu cika min waya da saƙo wai na cika takura wa Karla, ku yi min adalci, ba ni na haife ta 'yar auta ba. Ke kuma da kika ce in ta sake kuka kin daina karatu, 'yar'uwa tanadi hankici. Wanda ya shigo yau, ga inda aka kwana: Karla Haugen ta dawo gidan ubanta na bakin tafki don jinyar uwarta, wai wata uku, yau shekara shida. Uwar ta rasu. Tsakiyar idon Baba Arvid ya mutu, gefe-gefe kawai yake gani, launuka duk sun dushe masa, ya kuma sa ta rantse ba za ta gaya wa yayanta Kurt ba. Shi ma akwai abin da bai sani ba. Ta samu aikin jinya a Tucson, ɗaya ga Mayu za ta fara.

*

Tun daga hawa matakalar jirgin ruwan da aka girke a shagon sayar da jirage lissafin Karla ya kwance.

Niyyarta ta zauna kusa da Baba, ƙafarta a jikin tasa, yadda suka saba. Sai Paula matar Kurt ta kamo hannunta.

"Zo ki ji laushin wannan, don Allah. Matsa ciki. Ƙara matsawa."

Kafin ta ankara an cusa ta a kusurwar doguwar kujera mai kwana ta bayan fontun ɗin, wato jirgin shan iska mai faffaɗan daɓe. Paula ta zauna ta dama, Kurt ya baje ta hagu da uban jikinsa, teburi ya tokare mata gwiwa. Baba kuwa ya lalubi kujerar direba can gaba ya zauna, ya dafa sitiyari. Taku huɗu ne tsakaninsu, amma da taku huɗun da bangon duniya duk ɗaya.

Lyle mai sayar da jiragen ya ajiye kofi da kwalin donot a kan teburin. A waje manyan motoci ne ke yawo a kan tafkin da ya daskare, amma in kana son sabon jirgi ya iso kafin ƙanƙara ta narke, to a Fabrairu ake rubuta odarsa.

"Yau da yamma nake tura takardu ma'aikata," in ji Lyle. "Abu biyu kawai ya rage muku, tsarin kujeru da launi."

Kurt ya daki kujerar da tafin hannu. "Tsari ai ga shi muna zaune a kai. Mutum goma sha biyu. Teburi a tsakiya, yara a baya, direba shi kaɗai a gabansa ba mai damunsa. Me kuma ake nema?"

"Mai kujera biyu nake so," in ji Baba.

"Baba, mun wuce wannan maganar."

"Kai ka wuce. Ni ina nan. Kujerar direba, da wata a gefenta."

"Wuri uku fa za mu rasa! Surukaina in sun zo a ina za su zauna, a kan inji?"

"Surukinka ai ya fi inji ƙara, sai su zauna tare."

Paula ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "To Baba, wa zai zauna a ta biyun? Mama Darlene ce ke zama kusa da kai, ita kuma..."

Ta kawar da kai.

"Agwagwata mana," in ji Baba.

Haka yake kiran Karla tun tana shekara uku. A da daɗi sunan ke mata, yanzu kuwa nauyi yake mata. Ita kaɗai ta san amfanin kujerar. Duk bazarar bara a tsaye ta yi ta a bayansa, hannunta a kafaɗarsa, ta matsa dama ya karya dama, ta matsa hagu ya karya hagu, mutane na ta cewa kai, 'yar nan da son ubanta take. Kujera ta biyu ba kujerar shan iska ba ce. Wurin aikinta ne har ranar da ɗayansu zai mutu.

"Ke me kika gani?" Kurt ya zungure ta da gwiwar hannu.

Me ta gani? In ta ce mai kwana, ta bar makaho shi kaɗai a sitiyari da jikoki a baya. In ta ce mai biyu, ta ɗaura wa kanta igiya da hannunta. Gaba kura, baya sayaki.

"Kowanne da kyansa," ta ce.

"Ji ta! Shekara arba'in da huɗu ba ta taɓa zaɓar ko miyar da za ta ci ba."

"Kai kuma ba ka taɓa barin wani ya zaɓa ba."

"To, to," in ji Lyle, "mu ɗan ajiye kujeru mu duba launi, jini ya sauka."

Donot ɗaya ya rage a kwalin. Paula ta ɗauki wuƙar roba ta raba shi biyu ta ɗauki rabi. Kurt ya raba rabin ya ɗauki kwata. Mu mutanen nan gara mu mutu da yunwa da a ce mu muka cinye na ƙarshe, haka za a yi ta yanka har ya koma ƙura.

Lyle ya zaro zoben guntayen ledar kujera daga aljihu, an jera su kamar makullai. Paula ta riga kowa karɓa.

"Fari dai a'a. 'Yarmu Brynn za ta zubar da lemon inabi tun ranar farko."

"Baƙi ma a'a," in ji Kurt. "Kin tuna jirgin maƙwabcinmu? Na zauna da gajeren wando a watan Yuli, sai da na yi sati ina kwanan rub da ciki."

"Wa ya aike ka? Wannan fa mai ruwan ƙasa?"

Kurt ya karkata kai. "Hmm. Daban ne."

Shi ke nan, ruwan ƙasa ya mutu. A garin nan ba a cewa abu mummuna ne, sai dai a ce daban ne.

Gaban Karla bai faɗi ba tukuna, don wannan ɓangaren sun yi bitarsa. Sati biyu zoben da Lyle ya ara musu yana kan teburin kicin. Ta sa Baba ya haddace jerin da babban yatsa: na ɗaya ruwan toka, na biyu ruwan yashi, na uku shuɗi mai duhu irin na tsohon jirginsu da daɓensa ya ruɓe. Ƙirga uku daga inda zoben ke haɗewa, ka ɗaga, ka ce shi kake so. Ko yaron goye zai iya.

"Ku ba mai jirgi ya gani," in ji Lyle. Ya karɓi zoben ya miƙa wa Baba. "Af, na manta ban faɗa ba. Wannan na bana ne, jiya ya iso. Sun ɗan sauya jerin."

Karla ta ɗago kai da sauri.

Baba bai ji ba. Ko ya ji bai gane ba. Babban yatsansa ya riga ya fara tafiya.

Ɗaya.

"Baba, kawo in gani." Ta yunƙura, teburin ya doke mata cinya, kofi ya fantsama.

"Zauna mana, za ki ƙona ni!" in ji Kurt.

Biyu.

"Paula, ɗan ba ni hanya."

"Tsaya in goge wannan tukuna, zai ɓata musu kujera."

Uku.

Baba ya ɗaga guntun sama, fuskarsa cike da murmushi.

"Wannan. Ba sai an wahala ba."

Ja ne. Ja zur, kamar cikakken tumatir.

Kurt ya ƙura wa guntun ido. "To... daban ne kam."

"Daban me?" in ji Baba. "Kai ba ka gane shi ba? Shuɗin uwarku ne. Irin wanda ta zaɓa da kanta shekarar da aka haifi Karla. Ka dube shi da kyau, kamar tafki da sassafe. Duk wanda ya hau zai tuna da ita."

Ya shafa jan ledar da yatsa, a hankali, da so.

Lyle ya sunkuyar da kai yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Karla ta runtse ido. Tausayin ubanta ya kama ta har cikin ƙashi, a ƙarƙashin tausayin kuma wani abu mai kama da sauƙi yana motsi, ta ji kunyar kanta.

"Wasa kake yi, Baba?" Muryar Kurt ta yi ƙasa.

"Wasan me?"

"Wane launi ne a hannunka?"

Murmushin ya fara zamewa. Baba ya juya kai gefe, yana neman guntun da wutsiyar ido.

"Hasken shagon nan ne ba kyau."

"Yatsu nawa na ɗaga?"

"Kurt, bari," in ji Karla.

"Yatsu nawa, Baba?"

"Ni za ka yi wa jarrabawa? Ni na koya maka ƙirga!"

"To ƙirga."

Baba ya karkata kai wajen muryar.

"Uku," in ji Baba.

Kurt ko hannu bai ɗaga ba. Duka biyun suna kan teburi.

"Uff da," Baba ya faɗa can ƙasa, wato kash a yaren kakanninsa, zoben ya suɓuce daga hannunsa.

Kurt ya juyo a hankali, ba wajen Baba ba, wajen Karla. Da ma kafaɗarsa a jikin tata take, ba inda za ta kauce.

"Kin sani."

Ta kawar da ido.

"Ma'aikaciyar jinya ce ke, gida ɗaya kuke kwana. Tun yaushe?"

"Shekara ɗaya da rabi."

"Shekara ɗaya da... " Ya haɗiye. "Watan Agusta. Ranar da ya ja Brynn da jirgi tana kan tayar iska, igiya ta kusa naɗe turakun gada. Kika ce iska ce."

"Ina bayansa, Kurt. Hannuna na kafaɗarsa, ni nake..."

"Ke kike me? Tuƙa mutum kamar keken guragu? 'Yata! Shekararta tara!"

Paula ta toshe baki da tafin hannu.

"Ni na sa ta rantse," in ji Baba. "Kada ka taɓa ta. Da ni za ka yi."

"Da kai zan yi kuwa. Kawo makullin mota. Na jirgi ma babu. Ranar Litinin zan je gidan tsofaffin nan na bayan coci in ji ko akwai ɗaki."

"Gidan da aka kai abokina Elmer?" Muryar Baba ta tsage. "Wata biyar ya yi a can yana kallon wurin ajiye motoci, ya mutu. Ni da hannuna na kafa kowane katako na gidana. Ba na ganin tafkin nan, Kurt, amma ina jin sa. Ko da me na tashi da safe na san inda yake."

"Sai ka kashe wani tukuna?"

"Ya isa!" Paula ta daki teburi. Ba ta saba ɗaga murya ba, har ita kanta ta tsorata. "Ya isa haka. Ku saurare ni. Ni fa ban ga abin tashin hankali ba."

Duk suka dube ta.

"Yanzu na gane kujera biyun. Ai Baba ya fi mu hankali. A yi mai biyun. Karla ta zauna a sitiyari in da yara, shi yana gefe. In su biyu ne, ya riƙe abinsa tana duba masa hanya. Mota ma ita za ta riƙa kai shi. Ba gidan tsofaffi, ba rigima. Da ma tana gidan, ta iya aikin, ba miji ba yara. Wa ya fi ta dacewa?"

Kurt na ta huci. Karla na kallon fushin yana sauka daga fuskarsa, wani abu mai daɗi yana maye gurbinsa. Ya samu mafitar da ba za ta taɓa masa ko Asabar ɗaya ba.

"In haka ne..." ya ce. "In Karla ta ɗauki nauyi, dare da rana, to ban ƙi ba."

"Ka ji ko, Baba?" in ji Paula. "An gama."

Baba ya share ido da bayan hannu yana dariya. "Na gaya muku. Agwagwata ba ta barin tafki."

Oh ni! Shekara ɗaya da rabi tana tsoron ranar da asirin zai tonu, can cikin ranta kuma tana roƙon ya tonu, don a ganinta ranar ce za a raba kayan a sauke mata rabi. Ga shi ya tonu, sai aka ƙara mata da na kowa aka ɗaure da igiya.

Lyle ya ga hadari ya wuce, ya ciro biro.

"Madalla. Mai kujera biyu ke nan. Shuɗin kuma yana nan, na bakwai ya koma." Ya yi 'yar dariya. "Ma'aikata suna ɗinka suna a jikin kujerun gaba in ana so. Ta direba, Arvid. Ta biyun fa?"

"Karla," in ji su uku, baki ɗaya.

Biron ya fara tafiya. Tana jin ƙarar sa a kan takarda.

"Kada ka rubuta," in ji Karla.

"Na'am?"

"Na ce kada ka rubuta, Lyle." Ta dafa teburin. "Na samu aiki. A Tucson. Na sa hannu tun kafin Kirsimeti, ɗaya ga Mayu zan fara."

Lyle ya ɗaga biron daga takardar.

"Tucson ta ina?" in ji Baba.

"Ta Arizona, Baba."

"Can ai babu ruwa."

"Na sani."

Kurt ya yi wata dariya mai ciwo. "Tabɗi! Wato kin shirya ki sa ƙafa ki fice, ki bar makaho da sabon jirgi, mu kuma ba mu san komai ba?"

"Da zan faɗa maka."

"Yaushe? Daga filin jirgin sama?"

"Wata uku na zo yi, Kurt! Wata uku! Ni na juya Mama a gado, ni na wanke ta, ni na rufe mata ido. Kai kana zuwa ranar Asabar da naman gashi ka koma ranar Lahadi da kifi. Sau ɗaya ka taɓa tambayata me nake so?"

"Ina da iyali!"

"Ni kuma itace ce da ta tsiro a tsakar gida?"

"To zaɓi naki ne." Ya miƙe tsaye, jirgin ya girgiza a kan tirela. "Ni ba zan iya barin aikina ba, Paula ma haka. Ko ki zauna a kujerar can, ko Litinin in je bayan coci. Lyle na tura takarda ƙarfe biyar. Ki faɗa masa da bakinki."

Ya tsallake ya koma can gaban jirgin ya juya musu baya.

Miƙewarsa ce ta buɗe mata hanya. Ba ta san lokacin da ta zame ta fita daga kusurwar ba, ba ta ce uffan ba, kafet ya haɗiye takunta. Paula ta matsa cikin kusurwar tana tattara kofunan da suka zube. Karla ta isa 'yar ƙofar gefen jirgin, ta ɗaga sakata. Matakala huɗu, sai daɓen shago, sai ƙofar gilashi, sai motarta.

A bayanta ta ji kujerar direba ta yi ƙara.

Baba ne ya tashi. Yana laluben bayan kujeru da hannu ɗaya, ya nufi kusurwar da ya ji muryarta ta ƙarshe. Gwiwarsa ta bugi teburi. Bai tsaya ba. Mutumin da ko a jana'izar matarsa bai durƙusa ba, ya sauke gwiwa biyu a kan kafet, ya lalubo hannu ya riƙe da nasa biyun.

Hannun Paula.

"Agwagwata," ya ce. "Ban san na tsare ki haka ba. Wallahi ban sani ba, na ɗauka daɗin zaman kike ji. Ba zan ce kada ki tafi ba. Bazara ɗaya kawai nake roƙo. Ki bari in ji ƙarar ƙanƙara tana fashewa sau ɗaya daga ɗakina, in hau ruwa sau ɗaya, sannan ku kai ni duk inda kuka ga dama."

Ya ɗora goshinsa a kan hannun surukarsa.

"Kin yi shiru. Ki ce wani abu mana, ko a'a ce."

Ƙofar na buɗe a hannun Karla. Ƙafarta ɗaya na kan matakalar farko. In ta sauka a hankali, ba zai ma san ta tafi ba.

Paula ta ɗago, hawaye shaɓe-shaɓe, ta dube ta ta saman furfurar tsohon. Ta motsa leɓe ba tare da sauti ba.

"Ke za ki amsa masa, ko ni?"